Ga Wanda Ya Yi Tuntuɓe A Hanya

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko kai ne wanda aka yi wa baftisma bara, ko kuwa har yanzu kana cikin ajin masu biɗa, kana auna maganar Almasihu a zuciyarka, ina roƙonka ka ba ni kunnenka a kan wani al'amari wanda ba a cika faɗa wa sabon mai bi ba sai bayan ya auku. Al'amarin kuwa shi ne, wata rana za ka yi tuntuɓe. Za ka aikata abin da ka tsaya a gaban jama'a ka ce ka rabu da shi. Wataƙila za a yi biki a ƙauyenku, a miƙo maka ƙwaryar giya, ka sha har hankalinka ya gushe. Wataƙila ɗanka zai kwanta da ciwo, dare ya raba, tsoro ya kama ka, ka saɓa shi zuwa gidan boka. Ko ka ci bashi ka yi musu, ko ka ɗaga hannu ka mari matarka. In kuwa Allah ya tsare ka daga waɗannan duka, wahala ba za ta yi maka sallama kafin ta shigo ba: fari ya ƙone gonarka, ko mutuwa ta shiga gidanka, ko danginka su juya maka baya, su ce ba za su ƙara sa hannu a akushi ɗaya da kai ba.

Laifi daban ne, masifa kuma daban, gama ɗaya aikin hannunka ne, ɗaya kuwa daga waje ta faɗo maka. Amma dukansu su kan buɗe ƙofa ga baƙo guda. Sa'ad da gari ya yi shiru, kana kwance bisa tabarma barci ya ƙi zuwa, sai ka ji wata murya cikin zuciyarka tana cewa, "Shi ke nan, taka ta ƙare. Dama kai ba na Allah ba ne. Me za ka je yi a majami'a ran Lahadi, tun da kowa ya ji?" A ganina muryan nan ta fi giya da boka raba masu bi da Ubangijinsu. Ba safai mutum ya kan bar hanya a ranar da ya faɗi ba. Ya kan bar ta cikin makonnin da ke biye, sa'ad da ya keɓe kansa yana sauraron wannan magana har ya gaskata ta. Domin haka ya wajaba ka koyi yadda za ka bi da tunaninka tun ranar ba ta zo ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ka buɗe Bisharar Matta, sura 26 da ta 27, ka dubi mutum biyu waɗanda suka faɗi a dare ɗaya. Na fari Yahuda Iskariyoti ne, mai riƙe da jakar kuɗin almajirai, wanda ya karɓi azurfa 30 a hannun manyan firistoci, ya kai su lambun Jatsaimani, ya nuna musu Ubangijinsa. Na biyu Siman Bitrus ne, wanda ya bugi ƙirji a daren nan cewa ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, ko da za a kashe shi. Gari bai waye ba sai ga shi a tsakar gidan babban firist, yana jin wuta tare da bayi da dogarai. Wata kuyanga ta dube shi, ta ce lalle shi ma yana tare da Yesu. Ya yi musu. Aka sake faɗi, ya sake musu. A ta uku, da suka ce harshensa na mutanen Galili ya tone shi, sai ya shiga rantse-rantse, wai bai ma san mutumin ba. Nan take zakara ya yi cara. Luka ya ƙara mana cewa Ubangiji ya juyo ya dube shi. Bitrus ya fita daga gidan, kuka ya ƙwace masa.

Mu kan ɗauka cewa Bitrus ya yi nadama, Yahuda bai yi ba. Ba haka ya ke a rubuce ba. Da Yahuda ya ga an yanke wa Yesu shari'a, nadama ta kama shi ƙwarai. Ya koma wurin firistocin, ya faɗi da bakinsa ya yi zunubi, ya ba da marar laifi, ya kuma mayar da kuɗin. Ka lura da wannan: ya furta laifinsa, ya mayar da abin da ya ci. Mu nawa ne mu kan kai haka? Duk da haka ya watsar da azurfar cikin Haikali, ya tafi ya rataye kansa. Ashe yawan baƙin ciki ba shi ne ya raba mutanen nan biyu ba. Abin da ya raba su shi ne inda kowannensu ya kai baƙin cikinsa. Yahuda ya kai nasa wurin abokan laifinsa, su kuwa suka ce ba ruwansu, ya ji da kansa. Daga nan bai nemi kowa ba. Ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne hauni, ya gama shari'ar kansa tun ba a gama gicciye Ubangiji ba. Da ya jimre kwana uku, da ya ji labarin kabarin da aka tarar babu kowa ciki.

Bitrus kuwa ya koma cikin 'yan'uwa. Mun san haka domin ran Lahadi da asuba, sa'ad da Maryamu Magadaliya ta sheƙo da labarin kabari, tare da wani almajiri ta same shi, suka tafi da gudu su biyu. Ka yi tunanin irin kunyar da ya zauna da ita a cikinsu ran Asabar, shi da ya fi kowa cika baki. Me ya riƙe shi? A daren jibi Ubangiji ya faɗa masa magana biyu. Ɗaya ita ce zai yi musunsa sau uku kafin carar zakara. Ɗayar kuwa, kamar yadda Luka ya rubuta a sura 22, ita ce ya riga ya yi masa addu'a domin kada bangaskiyarsa ta ƙare, kuma sa'ad da ya juyo sai ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Maganar fari ta cika a idonsa. Tun da ta cika, ashe ta biyun ma gaskiya ce. Wanda ya san faɗuwarsa tun ba ta auku ba, ya kuma tanada masa aiki a bayanta. Nan ne mai bi ya ke samun abin da zai amsa wa muryar dare da shi. Ba ya musun laifinsa, amma ba ya yarda laifin ya zama shi ne magana ta ƙarshe.

Sauran labarin yana cikin Yohanna sura 21. Bitrus ya koma su a tekun Tibariya tare da almajirai shida, suka kwana suna fama ba su kama komi ba. Da gari ya waye Ubangiji yana tsaye a gaɓa, ya ce su jefa taru dama da jirgi, suka jawo manyan kifaye 153. Suka tarar ya hura gawayi, ga kifi a kai, ga gurasa. A bakin wutar gawayi Bitrus ya yi musu, a bakin wutar gawayi kuma aka mayar da shi. Sai da suka ci suka ƙoshi tukuna Ubangiji ya tambaye shi har sau uku ko yana ƙaunarsa, kowane sau kuwa ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Bai tuna masa da rantsuwarsa ba, bai ce ya kawo dalili ba. Kwana hamsin bayan Idin Ƙetarewa, mutumin nan da kuyanga ta tsorata ya tsaya a Urushalima ya yi wa'azi, mutum wajen 3,000 suka ba da gaskiya. Bayan wannan kuma, a shirayin Sulemanu, ya gaya wa jama'a a fili cewa sun yi musun Mai Tsarki, sa'an nan ya sassauta murya ya ce ya sani cikin jahilci suka yi, su tuba. Wa ya fi shi sanin yadda za a yi magana da masu musu?

To, yaya za ka rarrabe muryar Ruhu Mai Tsarki da ta mai saran 'yan'uwa, tun da dukansu a kan laifinka su ke magana? Manzo Bulus ya nuna wa mutanen Koranti cewa baƙin ciki iri biyu ne: akwai wanda ya ke kai mutum ga tuba, akwai wanda ya ke kai shi ga mutuwa. Ga alamar da za ka gane su. Ruhun Allah ya kan sa yatsa a kan abu guda, ya kira shi da sunansa: kuɗin nan da ka karɓa a hannun maƙwabcinka, maganan nan da ka faɗa wa matarka a gaban yara. Ya kan kuma nuna maka abin yi, watau ka tashi ka tafi ka gyara. Shaiɗan kuwa ba ya tsayawa a kan abu guda. Ya kan shafe ka duka da baƙi, ya ce kai munafuki ne tun asali, irinka ba ya shiryuwa, kuma shawararsa kullum ita ce ka ɓuya. Duk tunanin da ya ce maka ka daina addu'a sai ka gyaru, ka guje wa 'yan'uwa sai an manta, ka san daga ina ya fito, ko da ya sa rigar tawali'u. Gama ya kan sa ta. Mutum ya kan ce, "Ni ban isa in shiga ɗakin Allah ba," ana tsammani ƙasƙantar da kai ne, alhali kuwa sau da yawa girman kai ne wanda ba ya so a gan shi da ƙura a gwiwa.

Ka dubi saniya da maraice sa'ad da ta kwanta tana tuƙa. Ta kan komo da abin da ta ci, ta tauna shi sosai, ta haɗiye, ya zama mata nama da nono. Haka ya kamata ka yi da kuskurenka. Ka komo da shi, ka dube shi da kyau sau ɗaya ko sau biyu, ka tambayi kanka a ina ƙafa ta zame. In a wurin biki ne, ba a bakin ƙwarya ka faɗi ba, tun sa'ad da ka zauna a rumfar mashaya bayan ka gama gaisuwa. To, wani biki in ya zo, ka je ka gai da mutane, ka ba da gudummawarka, ka yi sallama tun rana ba ta faɗi ba. In fushi ne, ka lura ko da yunwa da gajiya ka kan shiga gida ka fara faɗa. Sa'ad da ka sami abin da za ka koya, sai ka haɗiye, ka tashi. Amma wanda ya ke komo da abu ɗaya kowane dare har shekara, yana cewa da na yi kaza, da ban yi kaza ba, ba ya samun komi sai ɗaci. Mutanenmu sun ce da na sani ƙeya ce, a baya ta ke, kuma ba wanda ya taɓa yin tafiya yana duban ƙeyarsa.

Kada kuwa ka tsaya ga tunani kaɗai. Zuciya ba ta cika yarda da gafara ba muddin hannu yana riƙe da kayan mutane. Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, bai ce ya ji sanyi a ransa kawai ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma ya mayar masa ninki huɗu. In bashi ne, ka je wurin mai shi, ka ce ka yi ƙarya, ka kawo abin da ya sawwaƙa, ku yanka lokacin sauran. In matarka ce ka mara, ka roƙe ta gafara da bakinka, kada ka aiko da turmin zane ka ce ya wadatar. In laifin ya fita fili, ka je wurin dattawan ekklesiya tun ba su aiko ba, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mai yiwuwa su sa ka cikin horo, su hana ka cin jibin Ubangiji har wasu watanni. Abin da zafi, ban ce babu zafi ba. Amma horo ɗaurin karaya ne, kuma ba a ɗaure ƙafar da aka fid da rai a kanta. Ka zo sujada kowace Lahadi cikin watannin nan, ka zauna inda aka ce ka zauna, ka raira waƙa da jama'a. Idon mutane ya kan gaji da kallo tun kafin mako na huɗu.

A nan sai in yi maka kashedi, domin kada ka ɗauki maganata ta zama wata koyarwa da ta bazu a duniya. A shekara ta 1952 wani mai wa'azi na birnin New York a Amurka, sunansa Norman Vincent Peale, ya buga littafi a kan ikon kyakkyawan tunani, aka saye shi ƙwarai, aka juya shi cikin harsuna da yawa. Akwai abin kirki a cikin irin wannan koyarwa, gama gaskiya ne wanda ya ke faɗa wa kansa kullum ba zai iya ba, da wuya ya ɗaga fartanya. Amma waɗansu sun ja maganar har ta wuce iyaka. Su kan ce in ka ƙi ambaton ciwo ciwo zai gudu, in ka riƙa faɗin arziki da bakinka arziki zai zo, wanda kuwa ya zauna cikin talauci ko cuta, tunaninsa ne ya jawo masa. Wannan kaya ne mai nauyi da a ke aza wa wanda ya riga ya durƙushe. Littafi Mai Tsarki bai koya mana mu kira dare rana ba. Zabura cike ta ke da kukan Dauda. Ubangiji kansa ya zub da hawaye a kabarin Li'azaru, ko da ya ke ya san abin da zai yi nan da ɗan lokaci. Mu ma da al'adarmu ta amsa "lafiya lau" ko ana cikin wuta, sai mu kiyaye kada ladabin gaisuwa ya bi mu har cikin addu'a. A gaban Allah ka faɗi abin da ke akwai. Begen mai bi bai dogara ga ƙarfin tunaninsa ba. Ya dogara ga abin da ya riga ya faru a Urushalima, ko ka ji daɗi a ranka yau ko ba ka ji ba.

Yanzu ga maganar masifa wadda ba kai ka jawo ba. Sabon mai bi yana da wata ƙaya a nan wadda sauran mutane ba su da ita. In ɗansa ya mutu bayan baftisma, ko rumbunsa ya ƙone, ba a rasa mai zuwa gaisuwa ya ce a hankali, "Ka gani? Tun da ka bar hanyar kakanni." Shi kansa kuma ya kan soma binciken wane zunubi ne Allah ya ke rama masa. Abokan Ayuba haka suka yi ta matsa masa, a ƙarshe kuwa Allah ya ce ba su faɗi daidai a kansa ba. Almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya. Ya kuma yi zancen mutum 18 waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Fari in ya zo ba ya tambayar gonar wa ce. Kada ka ƙara wa kanka nauyin laifin da babu shi a kan nauyin hasara da ke akwai.

Kai manomi ne, ko ɗan manomi, ka san abin da a kan yi sa'ad da ruwan fari ya sauka, aka yi shuka, gero ya tsiro, sa'an nan sama ta ɗauke har mako uku, tsiron ya bushe. Ba wanda ya ke zama a bakin gona yana zagin gajimare har kaka. Mai hankali bai zuba irinsa duka a shukar fari ba. Ruwa na komowa ya kan saɓi sungumi ya sake bi. In lokacin gero ya ƙure, ya sa wake. Ba zai sami abin da ya sa rai a kai da fari ba, amma gidansa ba zai kwana da yunwa kamar gidan wanda ya naɗe hannu ba. Tambayar da ta dace da ranar hasara ita ce, me ya ragu a hannuna, me kuma za a iya shukawa a sauran damina?

Akwai wani bawan Allah wanda rayuwarsa ta nuna wannan a bakin kogin Kwara. Samuel Ajayi Crowther yaro ne Bayarabe sa'ad da mahara suka faɗa wa garinsu Osogun a 1821, aka kama shi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har ya shiga jirgin bayi na mutanen Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, aka sauke shi a Saliyo, can ya yi karatu, ya karɓi baftisma. A 1841 aka aiko da jirage su hau Kwara, shi da wani mai bishara Bajamushe, James Frederick Schön, suna ciki. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa, tafiyar ta watse, a Ingila aka yi ta yi mata ba'a. Amma cikin sha'anin tafiyan nan ne Schön ya dukufa ga koyon Hausa, a 1843 ya buga littafin kalmominta, daga baya ya juya waɗansu littattafai na Maganar Allah. Wannan aiki ne waɗansu suka ɗora a kai har aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932. A 1854 aka sake hawa kogi ƙarƙashin Likita Baikie, Crowther yana ciki kuma. Wannan karo an koyi darasi, kowa yana shan kwini a kai a kai, ba wanda ya mutu. A 1857 suka koma cikin jirgi mai suna Dayspring, ya bugi dutse kusa da Jeba ya lalace, suka zauna a gaɓa wata da watanni suna jiran wani jirgi. Crowther bai ƙirga kwanakin nan cikin hasara ba. Ya shiga koyon Nufanci a bakin mutanen wurin, ya ziyarci Raba, daga baya ya buga littattafan koyon harshen. A 1864 aka naɗa shi bishop. Ba zan ɓoye maka ba, ƙarshen kwanakinsa da ɗaci: waɗansu samarin Turawa masu bishara suka raina aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa a 1890, ya rasu a Ikko a ƙarshen 1891 da wannan baƙin ciki. Ba kowane labarin mai bi ne ya ke ƙarewa da guɗa a duniyan nan ba. Amma ekklesiyoyin da ya dasa a bakin kogi suna nan.

Wani abu kuma wanda masu wa'azi su kan tsallake. Wani lokaci duhun zuciya ba daga zunubi ya ke ba, ba kuwa daga rashin bangaskiya ba, daga jiki ne. Annabi Iliya, bayan babbar nasara a dutsen Karmel, ya ji barazanar Yezebel, ya gudu har Biyer-sheba, ya bar baransa can, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Dubi abin da Allah ya fara yi masa. Bai yi masa faɗa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, ya ci ya sake kwantawa, aka sake ta da shi ya ci. Sai bayan ya kai dutsen Horeb aka yi magana da shi, aka gyara lissafinsa, gama yana cewa shi kaɗai ya ragu, alhali akwai mutum 7,000 waɗanda ba su durƙusa wa Ba'al ba. Aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin aikinsa. Saboda haka kada ka yanke babbar shawara da tsakar dare, ko da yunwa, ko kana tashi daga zazzaɓi. Ka ci, ka yi barci, ka jira safiya. In kuwa duhun ya wuce mako biyu bai ɗaga ba, abinci ya fita ranka, barci ya ƙaurace maka, aikin da ka saba so ya zama maka kaya, to, wannan ciwo ne wanda likitoci suka sani, yana da magani, kuma zuwa asibiti dominsa ba rashin bangaskiya ba ne, kamar yadda ɗaurin karaya ba rashin bangaskiya ba ne. Mata su kan gamu da shi bayan haihuwa, sai mazansu su lura. In har tunanin kashe kanka ya zo maka, kada ka kwana da shi kai kaɗai. Ka faɗa wa wani a ranar, ko mai bisharar garinku, ko ɗan'uwa da ka amince da shi, ya raka ka wurin likita.

Sauran magana taku ce, ku da kuke tsaye yau, gama da wuya wanda ya faɗi ya tashi in ba a miƙa masa hannu ba. Wani saurayi, Yohanna mai laƙabi Markus, ya bi Bulus da Barnaba a tafiyarsu ta fari. Suka ratsa tsibirin Kubrus, amma da suka isa Bariyata ta ƙasar Bamfiliya sai ya rabu da su, ya koma gida Urushalima. Sa'ad da za a yi tafiya ta biyu Barnaba ya so a tafi da shi, Bulus ya ƙi, ya ce wanda ya bar aiki a tsakiya ba abin ɗauka ba ne. Gardama ta yi zafi har manyan bayin Allah biyu suka rabu, Bulus ya ɗauki Sila, Barnaba ya ɗauki Markus suka koma Kubrus. Bulus yana da hujja, gama aikin da hatsari, ba a so a dogara ga sandar da ta taɓa karyewa. Amma ni dai a wannan gardama ina bayan Barnaba. Bayan shekaru, Bulus yana kurkuku, ya rubuta wa Kolosiyawa su karɓi Markus in ya zo, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti kuma ya roƙa a zo masa da shi, domin yana da amfani a gare shi. Tun zamanin iyayen ekklesiya na fari an riƙe cewa Markus ɗin nan ne ya rubuta Bishara ta biyu daga abin da ya ji a bakin Bitrus, kuma a cikinta labarin musun Bitrus yana nan dalla-dalla, ba a rage komi ba.

In ka lura wurin zaman wani ɗan'uwa ya zama wofi Lahadi biyu a jere, kada ka jira taron dattawa, kada kuma ka aika yaro. Ka tafi da kanka da maraice. Ba sai ka ɗauki wa'azi ba, gama ya riga ya yi wa kansa wanda ya fi naka zafi. Ka gaishe shi, ka tambayi gona da yara, in an kawo tuwo ka sa hannu a akushinsa. In yana da sauran noma ka ce za ka zo da fartanyarka ran Talata. Ran Lahadi da safe kuma ka biyo ta ƙofar gidansa, ka yi sallama, ka tsaya a zaure har ya sa riga ya fito, ku shiga majami'a tare.